Magani da Sharaɗinsa a Ƙasar Mashi

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Daura, ya yada zango a Mashi, garin Iyan Katsina, in ya yi katari da ranar kasuwa, zai tarar da masu sayar da magani iri uku a wuri guda, ko da yake kowanensu ɗan zamaninsa ne dabam: ga dattijo ya shimfiɗa buhu ya jera saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙullen gari, ga mai kemis a bayan kanta cike da kwalaye, ga kuma mai lasifika a kan mota yana lissafa cututtuka goma da kwalba ɗaya za ta kora. Mai neman lafiya yakan bi su duka ukun kafin la'asar, ya koma gida da kayan kowa a aljihu ɗaya, ba tare da ɗayansu ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar ba.

A zamanin da, sana'ar nan gado ce, kuma a rarrabe take. Wanzami na da ƙaho da aska, maɗori na da karaya, ungozoma na da haihuwa da jego, maharbi ya san dafin maciji, malami na da allo da tawada, boka kuwa na da itatuwan daji. Abin da ya haɗa su, wanda kuma shi ne ginshiƙin amanar da jama'a suka ba su, shi ne ba sa miƙa magani sai da sharaɗinsa. Mai magani zai ƙulle gari a tsumma, ya riƙe bai saki ba, ya ce: "Baba, a kunu za ka sha, da safe kafin ka ci kome; ban da tsami, ban da kanwa, kuma kada ka haɗa shi da na wani sai ka zo mun gana." Da yake mai bayarwa da mai karɓa 'yan gari ɗaya ne, ya san abin da ake dafawa a gidan, ya san wanda aka fara zuwa wurinsa, har ya san ciwon da ya kashe mahaifin majinyacin, shi ya sa hanin nasa yake fitowa daga sani.

Malaman ɗibbu sun ƙarfafa wannan al'ada da hujja ta littafi. Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen 925, ya tafi a kan cewa a fara da gyaran abinci, in bai wadatar ba a koma ga magani tilo, kada a kai ga haɗaɗɗe sai bisa larura. Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya ware wa magunguna tilo babi dabam, haɗaɗɗu babi dabam, a cikin littafinsa Alƙanun. A ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin daula da ke wuyansa ya wallafa risaloli a kan ɗibbu, daga ciki har da ta basir da ta ganyen sanamaki, ɗan'uwan filaskon da muke sha don wankin ciki. Ba na da'awar cewa kowane hani na magabata daidai ne, domin likitocin Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Amma a Zariyar nan dai, a 1996, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka tabbatar cewa tsamiya tana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini, watau dattijon da ya ce ban da tsami yana kan wata gaskiya da ya gada.

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, aka soma buɗe disfensare na En'e a gundumomi, sannan daga baya aka ba 'yan kasuwa lasisin sayar da ƙananan magunguna, aka sami mai kemis. Alherin wannan ba ya ɓoyuwa, domin rayukan da kinin da fenisilin suka ceta Allah kaɗai ya san adadinsu. Sai dai kaya suka yawaita, suna kwararowa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano da kuma ta kan iyakar Nijar, hannuwa suka yi yawa, sharaɗi ya faɗi a hanya. Dubi yadda ake ciniki a yau: mutum ya ce a ba shi na naira kaza, yaron shago ya sa almakashi ya yanko ƙwaya biyu daga katin nan, uku daga wancan, ya zuba a farar leda, sunan maganin ya tafi tare da guntun da ya rage a kanta. Kafa hukumar NAFDAC a 1993 ya rage jabu, amma hukuma ba ta iya zama a tsakanin mai sha da kofinsa.

Babu inda wannan rashi ya fi ba ni tsoro kamar a maganin rage ƙiba. Mutanen da suka ga yunwar 1914, da jikokinsu da suka ga farin 1973, ƙiba a wurinsu alamar wadata ce da kwanciyar hankali, har ya zamana wasu mata suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don jiki ya cika. Da hawan jini da ciwon suga suka yawaita, sai likita ya fara cewa a rage teɓa, kasuwa kuma ta amsa da shayi da ƙwaya da allura. Tarihin waɗannan magunguna a ƙasashen da suka ƙirƙire su cike yake da nadama. An fito da dinitrophenol a Amurka a 1933, ya makantar da wasu ya kashe wasu, aka hana shi a 1938. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 suka sami mummunan ciwon ƙoda a Beljiyam saboda wani tsiro da aka sa cikin haɗin rage jiki. A 1997 aka janye fenfluramine domin yana lalata ƙofofin zuciya. A 2010 aka janye sibutramine saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, alhali kuwa har yanzu ana kama shi a ɓoye cikin shayin da aka rubuta wa cewa ganye ne zalla.

Magungunan rage ƙibar da suka saura a hannun likitoci suna da amfani, amma kowanne da abokin gabarsa. Orlistat, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, yana tare kusan sulusin kitsen abinci a hanji, sai ya tafi da bitamin A da D da E da K tare da shi. Saboda haka mai shan warfarin don tsinka jini yana iya zubar da jini, mai farfaɗiya da mai shan maganin ƙanjamau ƙarfin maganinsu yana iya raguwa, mai shan levothyroxine kuwa sai ya raba tsakaninsu da sa'a 4. Phentermine yana zaburar da zuciya, don haka bai dace da wanda jininsa ya hau ba, balle a ɗora masa maganin mura mai buɗe hanci da goro da shayi mai kauri, kuma an hana shi ga wanda ya sha wani jinsin maganin damuwa mai suna MAOI sai bayan kwana 14. Haɗin naltrexone da bupropion ba ya zama da tiramol ko kodin, kuma yana iya tayar da farfaɗiya. Allurar semaglutide, wadda aka amince da ita don ƙiba a 2021, tana kashe sha'awar abinci tana jinkirta fitarsa daga tumbi, ta yadda mai ciwon sugan da ke yin insulin ko shan glibenclamide, in likita bai rage masa awo ba, sukarinsa zai iya faɗuwa ya yi gumi ya sume, musamman a watan Ramadan tsakanin azahar da magariba. 'Yar'uwarta tirzepatide tana raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Ko filaskon da muka gada, in aka maishe shi shayin kullum tare da ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai shan digoxin.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, masu neman rage jiki galibi su ne masu hawan jini da suga, watau tun asali suna da ƙwayoyi biyu ko uku a gefen gado, sannan kunya takan sa mace ta karɓi nata maganin rage jikin daga ƙawa ko ta waya, ta ɓoye wa miji da likita. Ma'aikacin asibiti a Mashi ko Daura ba ya da sanin da maƙwabtaka ta ba mai magani na zamanin da, sai abin da aka faɗa masa. Saboda haka wajibi ne ga duk wanda aka rubuta wa irin wannan magani ya tattara dukan abin da yake sha, da na asibiti da na kemis da ƙullin dattijon kasuwa da shayin da aka aiko daga Kano, kowanne cikin kwalinsa da sunansa, ya ajiye a gaban likita ko mai harhaɗa magani kafin ya haɗiyi ƙwayar farko. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa su nisance shi gaba ɗaya.