Hanyar Ayari daga Kano zuwa Abzin

Hanyar Abzin, wadda dattawan Kano suka fi sani da hanyar ayari, ita ce tafarkin da raƙuma suka yi shekaru aru-aru suna bi tsakanin birnin Kano da ƙasashen hamada. Takan fita ta ƙofofin arewa ta rabu biyu, reshe guda ya bi ta Katsina da Tasawa, guda ya miƙe Damagaram, su sake haɗuwa a Damargu, inda noman gero yake ƙarewa rairayi ya karɓa. Daga nan sai Agadas da duwatsun Abzin. A can ne take sake rabuwa: mai neman gishiri ya yi gabas zuwa Fashi da Bilma, mai neman kayan Bahar Rum ya yi arewa ta Gat da Gadamas har Tarabulus. A ma'aunin yau tsakanin Kano da Damagaram kilomita 240 ne ko kusa da haka, daga Damagaram zuwa Agadas kuwa kimanin 450.

Wanda ya yi nufin ziyartar wannan hanya, ya ga kufanta da gine-ginenta da idonsa, babu inda ya fi dacewa ya fara kamar tsakiyar birni, wajejen Shahuci, domin kuwa daga nan, ba tare da ya hau komai ba, kafin rana ta take zai iya zaga marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, ya bi lungunan unguwannin da sunayensu kaɗai sun isa hujja: Agadasawa, mutanen Agadas ke nan, Alfindiki, wadda ake danganta sunanta da kalmar Larabci ta masaukin fatake, Sharifai, Dandalin Turawa. Game da wannan na ƙarshe ya kamata mai karatu ya lura cewa Turawan da ake nufi ba Nasara ba ne, Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, gama su ne Bahaushe ya fara kira da wannan suna tun kafin Ingilishi ya zo ya gaje shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda shi ne madogara a kan zamanin sarakunan Haɓe, ya ambaci cewa Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, shi ne farkon wanda ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa, kuma a zamanin Sarki Yakubu ne Abzinawa suka iso Gobir, gishiri ya yawaita. Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, ya faɗaɗa ganuwar da Gijimasu ya soma tun ƙarni na 12, ya gina gidan sarauta, ya kafa Kurmi, sai ayari ya sami abin da ayari yake bukata, watau kasuwa mai tsaro da sarkin da zai tsaya wa baƙo. A ƙarshen zamaninsa ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya sauko daga Tuwat ta ƙasar Abzin ya zauna a Kano, ya rubuta wa sarki nasiha a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, ya bar zuriya a Sharifai. Saboda haka kuskure ne a ɗauka gishiri da tufafi kaɗai raƙumi ya yi dako. Risala da Muhtasar da sauran littattafan Malikiyya da aka riƙa karantarwa a makarantar shari'a ta Shahuci, wadda aka buɗe a 1928 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta ƙetaren hamada suka iso ƙasar nan tun asali. Ita kanta takardar da malamai suka kwafe su a kai, in ka ɗaga tsohuwarta ka haska da rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere, alamar masana'antun Italiya, wadda ta sauka a Tarabulus kafin ta hau bayan raƙumi.

Abin da Kano ta mayar kuwa, mafi girmansa shuni ne. A marina ana jiƙa baba da toka a rijiya har ruwan ya nuna, a yi ta tsoma ƙyalle ana ɗagawa yana shan iska, ya fito kore-kore ya rikiɗe baƙi a gaban idonka. Sa'an nan a kai shi mabuga, a barbaɗa masa garin shuni, a yi ta dukansa bisa gungume har ya yi ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Wannan shi ne turkuɗi, mafi daraja kuwa ɗan Kura, wanda Buzu yake naɗawa ya rufe baki da hanci, shunin ya zauna masa a fata, yana kuwa alfahari da haka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Tarabulus a 1850, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, ya kuma ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano suke tafiya Tambutu kowace shekara, kuma galibi sai sun yi arewa zuwa Gat da Gadamas tukuna su juyo yamma. Kafin shi, a 1824, Hugh Clapperton ya tarar da laimar Ingila koriya a kasuwar Kano ya saya. Ban da tufafi akwai jar fata, wadda Turai ta sani da sunan fatar Maroko alhali daga awakin ƙasar Hausa take, da hauren giwa, da gashin jimina. Akwai kuma bayi. Ba ya halatta ga mai rubuta tarihin wannan hanya ya tsallake su, domin ƙafa suka taka inda fatake suka hau, kuma matafiyan ƙarni na 19 sun ba da labarin ƙasusuwan da suka gani zube a bakin rijiyoyin hamada.

Damagaram zango ne kafin ta zama daula, har yau kuwa garin kashi biyu ne, Birni na sarauta da Zango na fatake. Sarki Tanimu ya kewaye ta da ganuwa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya tara bindigogi da ribar hanyar. Faransawa suka ci ta a 1899, suka mai da ita hedkwatar Nijar har 1926 da suka koma Yamai.

Agadas ita ce cibiya. Ƙabilun Abzinawa sun kafa sarautarsu a farkon ƙarni na 15, suka zaunar da ita a wannan gari, Askiya Muhammadu na Songai ya ci shi a 1515, kuma ga wannan zamani ake danganta masallacin Juma'a da hasumiyarsa, wadda aka sake ginawa a 1844. Tsawonta mita 27, ta laka ce tsantsa, gindinta da faɗi tana tsukewa sama, itatuwa sun tsiro mata ta kowane gefe kamar ƙayar bushiya, su ne ƙashin ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. Mai hawa ta ciki sai ya sunkuya ya matse kafaɗu kafin ya fito sarari, ya ga garin kwance jawur ƙarƙashinsa. Barth, wanda ya gan ta tana da shekara shida da sabuntawa, ya tarar da garin ya yi baya, gidaje da yawa kufai, mutane ba su wuce 7,000 ba a ƙiyasinsa. Ya kuma ambaci wani hakimi mai kula da baƙin fatake da kuɗin fito, mai sarautar Sarkin Turawa, da Hausa haka, a tsakiyar ƙasar Buzaye. Yau Hausa ce harshen kasuwa da na titi a Agadas, Bakano ba ya bukatar tafinta.

Amma ayarin da ya fi cancantar sunan shi ne na gishiri. Bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, ake haɗuwa a gefen duwatsun Abzin a fuskanci Tenere, fili mai yashi wanda babu inuwa babu tudun da ido zai riƙe. Madugu yana gaba, yana karanta rana da taurari da kwanciyar rairayi. Raƙuma a jere, akalar kowane ɗaure a bayan na gabansa, bisa kowane akwai gero da salkar ruwa da damman ciyawa, ana ajiye wasu damman a hanya saboda komowa, gama babu abin da dabba za ta ci a can. Ba a tsayawa da rana. Tun hantsi har dare ya raba ana tafe, fura ta gero da cuku da dabino ana dama ta ana miƙa wa juna ƙafa ba ta daina motsi ba. A Fashi da Bilma, garuruwan Barebari, ana ba da gero a karɓi dabino da gishiri iri biyu: beza na miya, da kantu, wanda ake zubawa a cikin kututturen dabino da aka fafe, ya fito dogo mai tsini, na dabbobi. A farkon ƙarni na 20 an ƙidaya raƙuma har 20,000 a ayari guda. Da sun komo Abzin sun huta sai su gangaro kudu, su ci rani a gonakin ƙasar Hausa, manomi ya sami taki, Buzu ya sami kara da gero. A Kano kuwa masaukinsu bayan ganuwa ne, wajen Fagge.

A tsakiyar tafarkin gishiri na Tenere ne wani itacen ƙaya ya daɗe tsaye shi kaɗai kusa da wata rijiya, babu ɗan'uwansa sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayari bayan ayari suna wucewa ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi. A 1973 mai babbar mota ya buge shi ya kayar, a filin da babu wani abin bugewa sai shi. Gawar tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Mutuwar cinikin arewa ta zo cikin shekaru kaɗan. Ingilishi ya shiga Kano a Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, a wannan shekara kuma Italiya ta auka wa Tarabulus. Kayan da a dā sai sun yi watanni a hamada suka koma zuwa ta Ikko cikin kwanaki, 'yan kasuwar Kano suka juya ga gyaɗa. Sa'an nan yaƙin Kawusan, jagoran Buzaye, ya biyo baya: shi da Sarkin Abzin Tagama suka tsare barikin Faransawa a Agadas daga Disamban 1916 har Maris na 1917, da ɗauki ya iso kuwa aka yi ramuwa mai muni, aka kashe malamai, aka kwashe raƙuma, jama'a da yawa suka yi hijira zuwa ƙasar Kano da Katsina. Na gishiri ne kaɗai ya rayu, yana raguwa, domin makiyayi bai daina bukatar kantu ba.

Daga nan hanyar ta shiga wani zamani, na masu zuwa kallo. Tun daga 1979 tseren motocin Faris zuwa Dakar ya riƙa bi ta Agadas, 'ya'yan madugai suka zama jagororin baƙi, mafi shahararsu Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, filin jirgin garin yana ɗauke da sunansa. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere, fili mai fiye da murabba'in kilomita 77,000, ta mai da shi gandun da aka haramta farauta a ciki saboda barewa da jimina da ragon dutse. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma, da tawaye ya ɓarke, ta sa shi cikin waɗanda suke cikin haɗari. Baƙi suka riƙa zuwa kufan Asode, da lambunan Timiya masu lemo da rumman, da dutsen Dabus a kan hanyar Arlit, inda mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka shige, zamanin da hamada take da tafkuna, suka sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita 5, da kowane zane na fatarsa. Tsohon garin Agadas ya shiga lissafin UNESCO a 2013. Sai dai tawayen 1990 da na 2007, da satar baƙi da ta biyo baya, sun kore masu kallon, direbobin da suka san rijiyoyi suka koma dakon 'yan ci-rani zuwa Libiya da Aljeriya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga wajen Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

A nan gida, ganuwar Kano da Dala da Kurmi suna jerin masu jiran shiga lissafin UNESCO tun 2007, kuma duk wanda ya zaga baɗala ya ga inda aka haƙe ƙasarta aka yi bulo, da inda aka kafa shago a kan gindinta, ya san dalilin jiran. Ƙofofin da ayari ya bi, Mazugal da Ƙofar Ruwa, titi ne yake ratsa su yanzu. A Ƙofar Mata rijiyoyin da ake rini a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari ba, amma ana yi, kuma kantun Bilma yana isowa kasuwannin shanu na arewacin Kano, a bayan mota, naɗe cikin tabarmar kaba.