Yanayin Duwatsu da Ƙarfin Rufin Ramin Kwal

A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, har da Kutawa, ba mu da kwal, domin a kan tsohon dutse mai tauri muke zaune, shi kuwa kwal a tsakanin shimfiɗun laka da yashi yake kwanciya. Amma muna da masu haƙar rijiya da ma'adinai, don haka abin da ya faru a ramukan Inugu ya shafe mu.

An gano kwal kusa da Udi a 1909, aka kuma fara jigilarsa ta jirgin ƙasa zuwa Fatakwal a 1916. Mahaƙa kan bi jijiyar kwal cikin tudu, su bar ginshiƙan kwal a tsaye, su tokare rufin da gumagumai. Sai dai ba katako ne ke ɗauke da tudun ba, dutsen da ke bisa kansu ne. Inda ya kasance dutsen yashi mai kauri, ya kan daɗe bai motsa ba. Inda kuwa dutsen laka ne mai falle-falle, da zarar an cire kwal daga ƙarƙashinsa sai fallayen su rabu, su lanƙwashe, su rufto. Shi ya sa a ramukan zamani ake kafa dogayen ƙusoshin ƙarfe a rufi, su ɗinke fallayen wuri guda.

Babbar matsalar Inugu, a ganinmu, ruwa ce. Saman duwatsun kwal akwai dutsen yashin Ajali mai riƙe ruwa kamar soso. Ruwan kan biyo tsagogin dutse ya sauko, ya jiƙa lakar ta yi laushi, ya kuma yi tsami har ya ci famfo da ƙarfe. Wannan na cikin dalilan da suka sa injunan da aka kawo daga Poland a ƙarshen shekarun 1970 ba su yi ƙarko a ramukan Onyeama da Okpara ba.

Tsohon mahaƙi kan ƙwanƙwasa rufi da ƙarfe: in ya ji amo tsantsa, dutsen a haɗe yake, in ya ji kamar ganga, ya saki.

Mu a nan haɗarin yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara, wanda kan yi tauri da rani ya saki da damina. Ramin ma'adinai na Galadima Kogo, a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa ya rufta da mahaƙa a watan Yuni na 2024.