Tsohuwar Bindigar Maharbi: Gyara da Daraja a Ƙasar Ɗanbatta



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da gyara yake yi wa darajar tsohuwar bindigar farauta, watau irin wadda ake ɗurawa ta baki, wadda Hausawa ke kira adaka ko harba-ka-ruga. Na zaɓi ƙasar Ɗanbatta ne domin tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Kazaure da Daura zuwa Damagaram, kuma domin a irin wannan ƙasa, inda gona ta haɗe da gona, daji ya ƙare tun da daɗewa, ya bar bindigogin maharba a rataye cikin ɗakuna suna jiran magada.

Bari mu fara da asali. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka fara kawo bindigogi daga Nufe, sa'an nan Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A ƙarni na 19 sai bindiga ta riƙa shigowa ta fuska biyu: ta kudu daga bakin teku, da ta arewa daga Tarabulus. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, ya tara bindigogi da yawa, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birninsa. Da irin wannan ƙarfi ne Damagarawa suka gwabza da Sarkin Kano Alu a Gezawa da Tattarawa a ƙarshen shekarun 1890. Shi kansa laƙabin Alu, watau Mai Sango, daga farauta ya samo asali, domin sango wani ɗan mashi ne da ake ɗurawa cikin bindiga a harbi giwa da shi. Ashe tun farko Bahaushe bai bar bindiga yadda ta zo masa ba, sai da ya juya ta zuwa ga bukatarsa.

Akwai dalilin da ya sa haka ya ɗore. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta ƙyale masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka maƙeran Birmingham a Ingila da na Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera mana irin bindigar da mutanensu suka daɗe da yarwa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, talaka bai da halin mallakar wata in ba ita ba. Abin da ba ka iya sakewa kuwa, tilas ka gyara shi.

Gyaran nan iri uku ne. Na farko shi ne na wuta: a cire ƙanƙara a sa wurin 'yar hular tagulla mai kamawa da bugu ɗaya, domin mai ƙanƙara takan ƙi tashi da damina. Na biyu shi ne na jiki: a datse bututu idan bakinsa ya tsage, a sassaƙa sabuwar ƙota da icen gida, a ɗaure da waya ko ɗanyar fata. Daga baya ma maƙeranmu suka riƙa yin bututu da ƙarfen sitiyarin mota. Na uku shi ne na tsari da ado: layu, da wuri, da jar fata.

To, yaya wannan ke shafar kuɗinta? Amsar ta danganta da kasuwar da aka kai ta. Shi maharbi tambayarsa ɗaya ce: tana tashi, kuma ba za ta fashe a hannuna ba? A wurinsa gyaran maƙeri gwani ƙarin daraja ne, kuma sunan maƙerin yana cikin ciniki. Amma lokacin da nake karatu a Ingila na leƙa wuraren gwanjon kayan da, na tarar da ma'auninsu ya saɓa da namu. Su abin da suke nema shi ne bindigar da ba a taɓa ba: ƙanƙararta ta asali, tsawon bututunta cikakke, hatimin gwajin da aka buga mata a fili, irin na gidan gwajin bindigogi da aka kafa a Birmingham a 1813. Wadda aka juya zuwa hula takan faɗi ƙasa da 'yar'uwarta, wadda aka goge har tana sheƙi kuwa ta fi faɗuwa, domin duhun da shekaru suka sa wa ƙarfe ba ya sayuwa.

A nan ne hasara take aukuwa. Na san wani gida a wani ƙauye na ƙasar nan inda tsohon maharbi ya rasu ya bar bindigar da ya gada daga kakansa. Da magada suka ji ana sayen kayan tarihi, sai suka tsinke layun, suka kankare ƙarfen da yashi, suka shafa wa ƙotar fenti. Hatimin ya tafi, shaidar maƙerin gida ta tafi. Maharbi bai ga abin da aka ƙara mata ba, mai tara kayan tarihi bai ga abin saye ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Saboda haka ya kamata mu rarrabe gyaran jiya da gyaran yau. Gyaran da aka yi lokacin da bindiga take bakin aikinta, shi kansa tarihi ne. Ɗaurin fata yana gaya mana inda ta tsage, hular tagulla tana gaya mana zamanin da ta shiga, ƙotar icen gida tana gaya mana hannun da ya sassaƙa ta. Bature mai gwanjo yana ganin wannan aibi ne domin tarihin masana'antarsa yake nema, mu kuwa tarihinmu a cikin aibin nan yake. Gyaran da ake yi yau don a burge mai saye, shi ne mai shafe duka biyun.

Ina jawo hankalin ma'aikata ga dokoki biyu. Dokar makamai ta 1959 ta ba da ikon a hana riƙe ko da bindigar ɗuri sai da lasisi, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Wanda ya gaji irin wannan bindiga, to, ya tabbata babu ɗuri a cikinta, ya shafa mata mai kaɗan, ya bar ta yadda take. Ku kuma ɗalibai, ku je wurin dattawa ku rubuta wanda ya saye ta, da maƙerin da ya gyara ta, da dajin da aka shiga da ita, ku kai labarin wuri irin Gidan Makama. Bindiga tana iya jiran shekara ɗari a rataye, amma tsohon da ya san labarinta ba zai jira ba.