Cutar Johne a Tumaki da Awaki: Awon Shanu Bai Isa Ba

Tun da masu bincike Johne da Frothingham suka bayyana wannan cuta a jikin wata saniya a Dresden ta ƙasar Jamus a 1895, kusan duk abin da aka sani game da ita daga shanu aka ɗauko shi. A ganina, wannan gadon ne ya sa take ɓuya a garken tumaki da awaki.

Saniya mai cutar zawo ne ke tona mata asiri. Tunkiya kuwa sau da yawa kashinta na nan yadda yake, tana cin abinci, amma kullum sai ƙara ramewa take yi. Makiyayin da ya ga haka a bazara zai ce yunwa ce, ko tsutsar ciki, ko ta hanta, ya ba ta magani, ya sake ba ta, har ta kwanta dama. Ba laifinsa ba ne. Alamomin kusan iri ɗaya ne.

A mayanka ake ganin gaskiya. Ƙarshen ƙaramin hanji ya yi kauri, kaluluwar da ke kewaye da shi ta kumbura, a akuya ma wani lokaci cikin kaluluwar yakan ruɓe ya daskare kamar na tarin fuka. Sai dai illar iri biyu ce. A wata dabbar, idan aka rina naman da rinin Ziehl-Neelsen, za a ga ƙwayoyin cuta cunkus a madubin likita. A wata kuwa hanjin ya lalace amma ƙwayoyin ƙalilan ne, kuma gwajin jini na ELISA yakan tsallake irin wannan.

Babbar matsalar tana ga ƙwayar kanta, Mycobacterium avium paratuberculosis. Tun 1990 aka raba ta gida biyu: nau'in S na tumaki da nau'in C na shanu, wanda awaki ma ke ɗauka. Nau'in C yakan tsiro cikin makonni a sinadarin Herrold da ɗakunan bincike suka saba da shi. Nau'in S ba ya son wannan sinadari, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya fito. Saboda haka sakamakon da ya ce babu cuta yana iya nufin an shuka ƙwayar ne a inda ba za ta tsiro ba. Gwajin PCR a kan sashen DNA ɗin ƙwayar da ake kira IS900 yana gano ta, na sashen IS1311 kuma yana bambance nau'o'inta.

Aisland ta ɗanɗana kuɗar wannan ɓuya: tumakin Karakul da aka shigo da su daga Jamus a 1933 ne suka kai mata cutar, sai bayan shekaru aka farga. A wurinmu, inda shanu da tumaki da awaki ke kwana a garke ɗaya suna shan ruwa a tafki ɗaya, bincike ya kamata ya fara daga hanjin tumakin da suka rame a mayanka, a kuma tantance nau'in ƙwayar kafin a zaɓi hanyar gwaji.