Tarihin Jayayyar Faifai Biyu: Blu-ray da HD DVD

Duk wanda ya taɓa mallakar garmaho ya san faifan da aka saya a wannan kanti ya kan hau garmahon da aka saya a wancan. Dalili kuwa shi ne masu ƙira sun daidaita a kan awo ɗaya. In ba su daidaita ba, sai kasuwa ta rabu biyu, mai saye ya rasa inda zai sa kuɗinsa. Abin da ya faru ke nan daga 2006 zuwa 2008, sa'ad da faifai iri biyu na kallon fim a gida, ɗaya ana ce da shi Blu-ray, ɗaya HD DVD, suka yi ta jayayya a kasuwannin Japan da Amurka da Turai. Tambayar da ta dami jama'a a lokacin ita ce, wanne ya kamata mutum ya saya? Nufinmu a wannan takarda mu bi tarihin jayayyar daki-daki, mu nuna cewa masu finafinai da masu manyan kantuna su suka yanke hukuncin, mai saye kuwa sai dai ya bi.

Wannan rigima tana da kaka. A cikin 1975 kamfanin Sony na Japan ya fito da kaset na bidiyo mai suna Betamax, shekara ta zagayo kamfanin JVC ya fito da nasa, watau VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar wancan. Betamax na farko sa'a ɗaya ya ke ɗauka, VHS kuwa sa'a biyu, wadda ta isa yawancin finafinai. Har wa yau JVC ya saki hannu, ya bar kamfanoni da yawa su ƙera na'urarsa. Aka yi shekara goma da ɗoriya ana ja, har a 1988 Sony da kansa ya shiga ƙera VHS. Nasarar nan har mu ta shafe mu, gama a kan kaset na VHS aka fara fitar da finafinan Hausa a Kano, tun daga Turmin Danya na 1990.

Da zamanin faifai ya zo, saura kaɗan a sake maimaita wannan. Sony da Philips na Holan suna da nasu tsari, Toshiba da Time Warner suna da nasu. Amma kamfanonin kwamfuta, IBM na gaba, suka ce su ba za su karɓi faifai biyu ba. Dole aka zauna aka sasanta a 1995, aka haifi DVD, wanda galibin ƙirarsa ta ɓangaren Toshiba ce. Ya shiga kasuwar Japan a 1996, ta Amurka a 1997, ya kuwa karɓu ƙwarai. To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk kamfanin da aka bi ƙirarsa, ana biyansa lada a kan kowace na'ura da kowane faifai da aka yi a duniya. Wannan lada shi ne ainihin abin da aka yi faɗa a kai daga baya.

Ba a daɗe ba sai akwatunan talabijin suka canja. Hoton DVD layi 480 ne ko 576, sababbin akwatuna kuwa suna iya nuna layi 1080, hoto tangaran. Irin wannan hoto ya fi ƙarfin DVD, wanda cikinsa gigabayit 4.7 ne a shimfiɗa ɗaya. Maganin abin ya fito daga wani irin haske. Ana karanta faifai da tsinin hasken leza, na DVD ja ne, tsawon zangonsa nanomita 650. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Aikin Shuji Nakamura a kamfanin Nichia ya sa aka sami leza mai shuɗi, ta nanomita 405. Tun da tsininta ya fi siriri, sai ta iya karanta rubutu ƙanana, a cusa abu mai yawa a faifai mai faɗin na da.

A watan Fabrairu 2002 kamfanoni tara, cikinsu da Sony da Matsushita da Philips da Samsung, suka ba da sanarwar Blu-ray. A watan Agusta na shekarar Toshiba da NEC suka fito da nasu, wanda majalisar kamfanonin DVD ta amince da shi a Nuwamba 2003, aka raɗa masa HD DVD. Leza ɗaya su ke amfani da ita, bambancinsu yana wurin zurfin rubutu. HD DVD ya bar rubutun a zurfin milimita 0.6 kamar na DVD, saboda haka da ɗan gyara tsofaffin masana'antu za su buga shi, ga araha, amma cikinsa gigabayit 15 ne a shimfiɗa ɗaya, 30 a biyu. Blu-ray ya matso da rubutun kusa da fuska, milimita 0.1, ya sami gigabayit 25 da 50. Sai dai wannan ya bukaci sababbin injuna, da wani shafi mai tauri don kada faifan ya karce. Watau ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, ɗaya ya fi ciki. A ido kuwa, in an sa fim ɗaya a kan duka biyun, da wuya mai kallo ya rarrabe.

A 2005 aka yi ƙoƙarin sulhu irin na 1995, abin ya ci tura, domin ba wanda ya yarda ya bar ƙirarsa. Wannan karon kamfanonin kwamfuta su ma sun rabu: Microsoft da Intel suka bi HD DVD a watan Satumba, Dell da Apple suna wajen Blu-ray. Haka kuma kamfanonin silima na Amurka. Disney da Fox da Sony Pictures suka tsaya ga Blu-ray kaɗai, Universal ya tsaya ga HD DVD kaɗai, Warner da Paramount suka ce za su buga a duka biyun.

Toshiba ya riga fita. Na'urarsa ta shiga kasuwar Japan ran 31 ga Maris 2006, ta Amurka a Afrilu, mai arahar dala 499. Ta Blu-ray ta farko, ƙirar Samsung, sai a Yuni, kuɗinta kusan dala 1,000. Sai mai karatu ya dubi halin da mai saye ya shiga. In ya ɗauki HD DVD, ya yi sallama da finafinan Disney. In ya ɗauki Blu-ray, ba shi ba na Universal. Kowanne ya ɗauka kuwa yana fargaba kada ya wayi gari da Betamax a ɗaki. LG da Samsung sun ƙera na'ura mai cin faifan duka biyu, amma da tsada. Saboda haka yawancin mutane suka riƙe kuɗinsu, suka ci gaba da DVD.

Dabarar da ta juya al'amarin ta fito daga inda ba a zata ba, watau na'urar wasa. A Nuwamba 2006 Sony ya fito da PlayStation 3, ya sa mata makarancin Blu-ray a ciki, ya sayar da ita dala 499 da 599, ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera ta. Microsoft kuwa ya bar makarancin HD DVD a waje da Xbox 360, sai wanda ya so ya ƙara dala 199. Ta haka duk gidan da aka sayi PlayStation 3 don wasa ya zama gidan Blu-ray ba tare da an yi shawara ba. Kafin a gama jayayyar an sayar da ita wajen miliyan 10, na'urorin HD DVD kuwa duka-duka kusan miliyan 1.

Duk da haka Toshiba bai saduda ba. A Agusta 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kaɗai, jaridun Amurka suka ce an yi musu ihsani na dala miliyan 150. A Nuwamba kantunan Walmart suka karyar da na'urar Toshiba zuwa dala 99. Amma ran 4 ga Janairu 2008 Warner, wanda ke cikin masu rumbun finafinai mafi girma, ya ce daga ƙarshen Mayu Blu-ray kaɗai zai buga. Ran 11 ga Fabrairu Netflix, mai hayar faifai ta gidan waya, da kantunan Best Buy suka juya wa HD DVD baya. Ran 15 Walmart ya bi sahu. Ran 19 shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo ya ce sun daina. Daga maganar Warner zuwa ranar nan kwana 46 ne kacal.

To, wa ya yi hasara? Toshiba ya yi ta kuɗi mai yawa, amma a 2009 ya shiga ƙera Blu-ray, ya ci gaba da harkarsa. Wanda aka bari da jangwam shi ne wanda ya yi gaggawar saye, gama na'urarsa ta zama ba sabon fim da zai sake fitowa dominta. Best Buy ya ba irin waɗannan takardar sayayya ta dala 50, wadda ba ta kai kuɗin da yawancinsu suka kashe ba. Wanda ya dakata shekara biyu kuwa bai rasa kome ba, ya zo ya tarar da faifai ɗaya, farashi kuma yana ta sauka. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Wanda ya ci gasar ma bai more ta yadda ya zata ba. Tun a Janairu 2007, ana tsakiyar jayayya, Netflix ya fara aika fim ta intanet ba tare da faifai ba. Shekaru biyun da aka ɓata ana ja sun ba wannan sabuwar hanya sararin kafuwa, Blu-ray kuwa bai taɓa samun irin karɓuwar da DVD ya samu ba. A kasuwanninmu ma jayayyar ba ta yi tasiri ba: a shekarun nan faifan VCD ne ke ci a Kano, daga baya DVD, sa'an nan kallo ya koma wayar hannu. A 2016 aka fito da Ultra HD Blu-ray, wannan karon ba abokin jayayya, amma masu sayen faifai sun riga sun ragu. A 2023 Netflix ya rufe hayar faifai, a farkon 2024 kuma Best Buy, kantin da ya taimaka wajen kayar da HD DVD, ya kwashe faifan fim duka daga kantocinsa.