Mota Mai Lambar Waje: Baƙuwa Ce Ko 'Yar Gida?

Wannan makon za mu waiwayi tarihin motar da ke yawo a titunanmu da lambar wata ƙasa, abin da mutanen Jibiya da Illela da Maigatari suka saba gani. A littattafanmu Alhaji kan tsallaka Maraɗi ya sayo mota, ya shigo da ita Kano da lambarta ta Nijar, ya yi shekaru yana hawa ba wanda ya tare shi. Mai karatun da ya san bakin iyaka murmushi kawai zai yi.

A 1979 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga. Ta ba motar gida mai rajistar wata ƙasa ta ƙungiyar damar shiga maƙwabciya ta zauna kwana 90, motar haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15, muddin akwai lasin tuƙi, takardar mallaka, inshora da takardar kwastan. A 1982 aka ƙara da katin inshora na bai-ɗaya, wato Brown Card, domin idan direban Damagaram ya yi haɗari a Daura a san wanda zai biya diyya. Amma fa duk wannan sassauci na baƙo ne, wanda zai zo ya koma da motarsa. Mazaunin Najeriya da ke son ajiye mota sai ya biya kuɗin fito, sannan ya yi mata rajista ta karɓi lambar gida.

To me ya sa mazauna suka yi ta raɓewa da rigar baƙi? Amsar tana cikin aljihu. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, har ma'aikacin gwamnati kan sayi sabuwa dal da bashin mota. Bayan karya darajar naira a 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai ido ya koma kan na-hannu daga Turai. Najeriya ta tsawwala haraji, ta kuma yi ta sauya ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita. Benin kuwa ta buɗe tasharta. Daga nan muka samu kalmar "'yar Kwatano". A wancan lokacin mota kan sauka a Kwatano, ta hau arewa ta Parakou da Malanville, ta tsallaka Gaya, ta bi Dosso zuwa Ƙonni ko Maraɗi a matsayin kayan wucewa. Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan kilomitocin ƙarshe: wasu su bi ƙofa su biya, wasu su bi daji cikin dare.

Tsarin motoci na 2013 ya ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari kan motocin gida da ake shigowa da su, abin da a ganinmu ya ƙara wa hanyar daji kasuwa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa baki ɗaya. A watan Maris na shekarar hukumar kwastan ƙarƙashin Kanar Hameed Ali ta ba masu motocin da ba a biya wa fito ba wa'adin wata guda su je su biya. Nan aka taɓa mai saye na biyu da na uku, wanda bai taɓa ganin bakin iyaka ba, kuma bai san takardar da dillali ya miƙa masa ta bogi ce ba. Majalisar Dattawa ta tayar da ƙura, rigimar ma ta karkata kan ko Kanar ɗin zai sa kaki, aka dakatar da shirin.

Shi kansa baƙon bai tsira ba. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan a 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta nemi mambobinta su ci gaba da barin 'yan Nijar suna shige da fice kamar da, har zuwa wani sabon umarni.