Asalin Kalmar "Scrutiny"

Kalmar Ingilishi ta "scrutiny", wadda ke nufin binciken ƙwaƙwaf, ta fito ne daga "scrutari" ta Latin, wato tone abu, kuma masana na danganta wannan da "scruta", ma'ana tsummokara da tarkace. Da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15 tana nufin tattara ƙuri'u ne a zaɓe, ma'anar da Faransanci ya riƙe har yau a "scrutin", kalmar da jaridun Nijar na Faransanci ke kiran kaɗa ƙuri'a da ita. Ingilishi kuwa ya karkatar da ita ga sa ido, shi ya sa ake jin ta idan majalisa na bin diddigin kasafin kuɗi.